Babban babur tun farko? Gaskiya da ƙarya a hirar samarin Ƙala'at an-Nahal

Da zarar an kaɗe riɗi an kai kasuwar amfanin gona ta Gadarif, kuɗi suka ɗan zauna a aljihu, hirar samarin Ƙala'at an-Nahal takan koma kan abu biyu, aure da babur. Maganar aure tana da iyayenta. Ta babur kuwa ba ta da mai tsawatarwa, kowa malami ne, balle yanzu da waya ta kawo wa kowa bidiyon baburan tsere har cikin ɗaki. Wanda bai taɓa hawa abin da ya wuce Boxer ba sai ka ji yana rantsuwa cewa Hayabusa ce kaɗai babur, saura duk keke ne aka liƙa wa inji. A cikin maganganun nan akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai kuma ƙaryar da ke kai mutum gadon asibiti.

Wadda ta fi yawo ita ce: "Kada ka ɓata kuɗinka a kan ƙarami, wata uku za ka raina shi. Ka daure ka sayi babba sau ɗaya ka huta." Gaskiyar da ke ciki ba ta da yawa. Lallai akan raina ƙaramin babur bayan hannu ya faɗa, kuma duk wanda ya sayar da abu na hannu sai ya ɗan yi rangwame. Amma kiran wannan asara kuskuren lissafi ne. Ƙaramin babur ba ya kwantai. Manomi na nemansa, mai kai kaya ƙauye na nemansa, masu zuwa neman zinariya a duwatsun yankin na nemansa, kana furta kalmar sayarwa za a fara taya maka. Babban babur na tsere kuwa sai ka jira mai sha'awa irin taka wanda kuma yake da kuɗi, kuma irinsu ba su cika taruwa a gari ɗaya ba. Sa'annan ɗan koyo sai ya kayar da babur, wannan ba baki ba ne. In Boxer ce ta faɗi, madubi ne da hannun kuloci, kafin la'asar an canza. In na tsere ne, robobin da suka lulluɓe jikinsa sukan tsattsage a faɗuwa ɗaya, ko da a tsaye ya kife a ƙofar gida, kuma sai an yo odarsu daga waje.

Waɗanda tsere ne sana'arsu ma ba da babba suka fara ba. Valentino Rossi na Italiya ya ci kambun duniya a ajin cc 125 a 1997, ya ci na 250 a 1999, sai a 2001 ya ci na 500. Marc Márquez na Sifaniya shi ma daga 125 ya taso a 2010, ya bi ta matsakaicin aji a 2012, kafin ya kai babban aji a 2013. Mutanen da kamfanoni ke biya don su yi gudu ke nan.

Magana ta biyu ita ce ɗaukar lambar cc a matsayin ma'aunin ƙarfi. Lambar nan faɗin cikin silinda kawai take nunawa, ba ta gaya maka yadda aka ƙera injin ya yi aiki da wannan faɗin ba. Royal Enfield ta Indiya mai cc 499 ƙarfin doki wajen 27 take bayarwa. KTM RC 390, mai cc 373 kacal, tana ba da sama da 40. Yamaha R6 mai cc 599 tana kusan kaiwa 120. Ka ga tsakanin Enfield da R6 bambancin cc ɗari ne, amma ƙarfin ya ninka sau huɗu. Boxer 150 da kowa ya sani doki 12 ce. Saboda haka in dillali ya ce maka, "Ai ɗari shida ce kawai, matsakaiciya ce," to ka sani babur mai ƙarfin Boxer goma yake miƙa maka, a jikin da bai kai nauyin Boxer biyu ba.

Shi ya sa ƙasashen da suka tsara lasisin babur mataki-mataki suka fi kallon ƙarfi. A Tarayyar Turai, tun Janairun 2013, ɗan shekara 16 cc 125 aka yarje masa, ƙarfin kuma kada ya wuce kilowat 11, wato doki wajen 15. In ya kai 18 sai ya hau matakin kilowat 35, doki 47 ke nan da ɗoriya. Babur marar iyaka sai a shekara 24, ko kuma bayan ya shekara biyu a mataki na tsakiya. Japan kuwa a kan cc 400 ta raba lasisinta. Ba don matasansu sun fi namu rashin hankali aka yi haka ba. Gawa aka ƙirga kafin a rubuta dokar.

Akwai wata magana mai daɗin ji, wadda na fi jin tsoronta don ta fi kama da gaskiya: "Wanda ya shekara biyar a kan Boxer babu babur ɗin da zai gagare shi." Shekarun nan ba banza ba ne. Mutum ya iya daidaita jiki, ya iya karanta hanya, ya san halin jaki da akuya da direban tarakta. Abin da bai koya ba shi ne taka-tsantsan da totur, domin Boxer ba ta taɓa hukunta shi a kan murɗawa ba. Ka murɗa mata har ƙarshe, sai ta yi ƙara ta ɗan yi tunani kafin ta tashi. Hannun da ya saba da wannan haƙurin, in ya yi irin murɗar a kan R6, babur ɗin zai kai kilomita 100 a sa'a cikin ƙasa da daƙiƙa 4, ko tayar gaba ta ɗaga, ko ta baya ta zame. Rami kaɗan ya isa ya girgiza wuyan hannu ya buɗe totur ba da niyya ba. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda aka fitar a 1981 bayan bin diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Anjalis, ya gano cewa fiye da rabin mahayan ba su kai wata 5 a kan babur ɗin da suka yi haɗarin da shi ba, alhali jimillar daɗewarsu suna tuƙi ta kusa shekara 3. Wato sabon babur kan mai da tsohon hannu ɗan koyo. Binciken ya kuma nuna kashi 92 cikin ɗari na mahayan da kansu suka koya, ko a hannun 'yan'uwa da abokai, wanda shi ne irin koyon da kusan kowa yake yi a nan.

A irin wannan koyon ne ake gadon ƙaryar birki. "Kada ka kuskura ka taɓa birkin gaba, wurgar da kai zai yi." Har akwai masu sassauta shi da gangan, ko su bar wayarsa a tsinke wata da watanni. Ga abin da ke faruwa in ka taka birki: nauyin babur da naka duk sukan koma kan tayar gaba, ta daɗa cizon ƙasa, ta baya kuma ta yi sako-sako. A kan kwalta busasshiya, kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayawa daga gaba yake fitowa, a babur na tsere ma ya fi haka. Mai dogara da birkin baya kaɗai ya zubar da mafi yawan birkinsa ke nan, kuma abin da binciken Hurt ya gani a wurin yawancin mahayan shi ne sun danne na baya har taya ta ja ƙasa, na gaba kuwa ba su matsa shi yadda ya kamata ba. To daga ina tsoron ya samo asali? Daga ƙasa. A kan yashi, ko tsakuwa, ko laka, in ka cafke birkin gaba lokaci ɗaya, musamman kan babur a karkace, tayar za ta kulle ta zame, kafin ka ankara kafaɗarka ta isa ƙasa. Mutanenmu a kan turɓaya suka koyi babur, shi ya sa darasin ya zauna musu, suka ɗauke shi suka hau da shi kan babban titin da ya bi ta Gadarif zuwa Kasala da Fot Sudan, inda ya zama akasin gaskiya. Birkin gaba matsawa ake yi a hankali ana ƙarawa, yatsu biyu sun isa, ba cafka ba. Wannan kuwa a kan ƙaramin babur ake koyonsa, inda kuskure ƙujewar gwiwa ne.

Lissafin gudu ma ba ya bin yadda zuciya ke raya wa mutum. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki zai ci kafin ka tsaya sau huɗu yake ninkawa. A kilomita 100 a sa'a kana cinye mita 28 kowace daƙiƙa, tun kafin yatsanka ya kai ga birki. Na'urar ABS mai hana taya kullewa tana taimakawa ƙwarai a kan kwalta, Indiya ma ta wajabta ta ga sababbin baburan da suka wuce cc 125 tun Afrilun 2019. Mai cewa ABS na hana faɗuwa gaba ɗaya dai ya yi ƙari, don a kan tsakuwa takan tsawaita tsayawar.

"Babba ya fi zama a ƙasa, iska ba ta kaɗa shi." Wannan gaskiya ne a kan miƙaƙƙiyar kwalta, lokacin da tirela ta gifta ka. Sai dai a tambayi kai: kilomita nawa na tafiyar mutumin Ƙala'at an-Nahal ne ke kan irin wannan hanya? Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, ita ce ta mai da jihar rumbun dawa da riɗi na Sudan. Da rani takan tsattsage ta bar ramuka da sawun tarakta da ya bushe ya yi tauri. Da damina, daga wajen Yuni zuwa Oktoba, takan jiƙe ta riƙe duk abin da ya taka ta. Wanda ya taɓa nufar Hawata ko bakin kogin Rahad bayan ruwan dare ya san yadda abin yake: lakar na naɗewa a taya tana kauri, ta cika tsakanin taya da murfinta har tayar gaba ta daina juyawa, sai ka sauka ka nemi itace kana ƙwaƙulewa, ka yi taku hamsin ka sake. Boxer mai nauyin kilo 120 da 'yan kai, mutum ɗaya na iya ɗaga ta ya fitar. R6 kilo 190 ce, Hayabusa ta haura 260. Murfin tayarsu a matse yake, tayar sumul take don kwalta aka yi ta, cikinsu kuma kusa da ƙasa yake, tazarar ba ta wuce santimita 13 ba, alhali ta Boxer ta kusa 19. Ga zaman da ke kifa mahayi a kan tanki, nauyinsa a wuyan hannu, wanda ke sa juya kan babur a cikin yashi ya zama wahala. Ƙungiyar Riders for Health, wadda tsohon ɗan tseren duniya Randy Mamola yana cikin waɗanda suka kafa ta, da ta tashi ɗora ma'aikatan lafiya a kan babur don shiga ƙauyukan Afirka, ƙananan Yamaha na gona irin AG200 ta yi ta amfani da su.

Maganar cewa ƙaramin inji ba ya jure doguwar tafiya rabinta gaskiya ne. In ka matse totur har ƙarshe na tsawon sa'o'i cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da buhu biyu da fasinja, inji mai shan iska zai galabaita. In ka bar masa sarari, ka canza baƙin mai a kan lokaci, ka riƙa wanke matatar iska saboda ƙura, zai kai ka ya dawo da kai shekara da shekaru. Babban ne ma ya fi zaɓen abinci. Injin R6 fetur mai daraja yake so, tsaftatacce, don famfo da allurai ke ba shi mai. Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023, matatar mai ta Jaili da ke arewa da Khartum ta fita daga aiki, fetur ya yi tsada, na jarka da kwalba ya yawaita. Kafireta in ta sha datti, bakanike zai kwance ta a kan tabarma ya busa ya mayar. Famfon mai na babban babur in ya mutu, sai jira. Lagireto kuma in laka ta toshe shi, injin zai yi zafi ko da ruwa a cike.

Hular kwano ba ta buƙatar dogon bayani. Masu cewa tana karya wuya ba su da hujja. Nazarin Cochrane na 2008, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Zafi dai akwai shi, ba a musu. Amma sai an ɗaure igiyar haɓa, in ba haka ba hular takan riga mai ita isa ƙasa. A tuna kuma mai mummunan rauni a ka sai an ɗauke shi zuwa Gadarif, a kan hanyar da muka gama bayaninta.

Ga saurayin da sha'awar siffar tsere ta riga ta kama, ba sai ya haƙura gaba ɗaya ba. Akwai Yamaha R15 mai cc 155 da doki wajen 18, akwai Bajaj Pulsar NS200 mai doki 24 da 'yan kai, dukansu suna da kyan gani da ƙarar da ake so, kuma suna yafe kuskure. Kafin ya biya, ya zauna a kai ya ga ko ƙafafunsa na taka ƙasa sosai, ya kwantar da shi ya ga ko zai iya tayar da shi shi kaɗai, ya kuma zaga wurin masu kayan gyara ya tambayi sarƙa, takalmin birki da fulogi, ya ji ko akwai. In yawancin tafiyarsa gona ce da ƙauye, mai dogayen ƙafafu irin Honda XR150L ko Yamaha XTZ125 ya fi masa duk waɗannan.

Lokacin hawa mataki na gaba kuwa ba ranar da ya ji ya raina babur ɗinsa ba ne, don raini kan riga ƙwarewa zuwa. Ya sami fili busasshe, ya ja layi a ƙasa, ya taho da gudun kilomita 50 ya tsaya da birki biyu ba tare da taya ta ja ba, ya maimaita har abin ya daina ba shi faɗuwar gaba. Ya juya babur a faɗin hanya ɗaya ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba. Ya ga rani ɗaya da damina ɗaya sun wuce a kansa. In ya yi waɗannan, kuma kwalta ce hanyarsa, ajin doki 40 zuwa 47, irin su Kawasaki Ninja 400 da Honda CB500F, shi ne na gaba, ba ɗari shida ta tsere ba.