Wa Ya Hana Kariya Fure?

Ga kacici-kacici. Rassan kariya biyu, uwarsu ɗaya. An dasa ɗaya a tukunya a tsakar gida, uwargida na ba ta ruwa safe da yamma. Ɗayar an soka ta a bayan katanga aka manta. Rani ya yi, ta bayan katanga ta cika da jan fure mai fari a tsakiya, ko ganye babu. 'Yar gata kuwa ganyenta sai rawaya yake yi yana zuba. Wa ya yi mata wannan aiki?

Na fara zargin akuya. Amma ruwan jikin kariya dafi ne, har maharba na shafa shi a kibiya, dabbobi kuma kauce mata suke yi. Akuya ta kuɓuta.

To ko taki ne ya yi kaɗan? An zuba kashin shanu, abin ya ƙara lalacewa. Hunturu? Ai sanyi ɗaya ya busa su. Wata maƙwabciya ta ce kambun baka ne. Na duba ƙarƙashin ganye. Ba tsutsa. Ba gizo-gizo. Saura wuri ɗaya.

Gindin.

Na danna shi da yatsa. Ya lotsa kamar ruɓaɓɓen dankali. Na kifa tukunyar: ba huda ko ɗaya. Laka ce jagab, saiwoyi sun yi baƙi suna wari.

Ashe ruwa ne! Wannan kumburarren gindi da muke sha'awa rumbun ruwanta ne. Kariya 'yar busasshiyar ƙasa ce, daga Sahel ɗinmu zuwa gabashin Afirka da Yaman, kuma masu lambu a Tailan ne suka yi suna wajen fitar da masu fure ninki-ninki. Da damina take sha ta tara, da rani ta zubar da ganye ta yi fure da abin da ta ajiye. In ruwa ya kwanta mata, saiwa ba ta samun iska, ruɓa ta hau sama a ɓoye. Abin tausayin, ganye na yin rawaya, mai ita ta ɗauka ƙishi ne, ta ƙara ruwa.

Ana iya ceto ta. A yanke duk inda ya ruɓe, a bar yankan ya bushe a inuwa na 'yan kwanaki, a sake dasawa cikin yashi da gawayi a tukunya mai huda, a ajiye a rana. Kada a ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙamas. Bayan yankan a wanke hannu da sabulu, a kuma kau da guntayen daga inda yara ke wasa.