MI YA SA ƊAN AMURKA YAKE KOYON INGILISHI A LAKWAL?

 Wanda ya iya karatu ya karanta ma na kusa da shi, kamar yadda muka saba.

Yau da tambaya za mu fara. A ƙasar Amurka, mafi yawan yara da Ingilishi suke buɗe baki. Da shi uwa take yi ma ɗanta wasa, da shi ake ciniki a kasuwa. Duk da haka, in yaro ya shiga babbar lakwal, darasin da ba ya da makawa gare shi shi ne darasin Ingilishi, kusan kowace rana, har shekara huɗu. To, mi ake koya ma mutum cikin harshen da ya sha a nono? Amsar ta shafe mu mu ma. Ku biyo mu sannu sannu.

Yadda lakwal ɗin take

Yaron Amurka yana yin aji 12 kafin ya shiga jami'a. Huɗun ƙarshe, wato aji na 9 zuwa na 12, su ne babbar lakwal. Yakan shige ta yana da shekara 14, ya fita yana da 18. In mun kwatanta da namu, aji na 9 daidai yake da ajin ƙarshe na kolej, wanda ake yin brebe cikinsa. Sauran ukun kuwa su ne shekaru uku na lise.

Amma akwai bambanci. Can babu jarrabawar bak guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, kuma ba minista guda ne ke tsara ma kowa darasi ba. Ƙasar tana da jihohi 50, kowace da dokarta, a ƙarƙashinsu kuma akwai hukumomin lakwal na garuruwa fiye da 13,000. Ɗalibi yana tara darussa ne, shekara bisa shekara, har su cika adadin da jaharsa ta yanka, sa'an nan a ba shi takardar gamawa. Tun 1906 suke da wani awo: darasi guda na shekara guda, awa 120 ke nan a aji. Mafi yawan jihohi sun ce sai an yi Ingilishi shekara huɗu. Ku lissafa, awa 480 ke nan a ƙalla. Jahar Kalifoniya shekara uku ta wajabta, amma babbar jami'arta ba ta ɗaukar ɗalibi sai ya yi huɗu. Wanda ya faɗi darasin nan, sai ya sake shi, sau da yawa cikin babban hutu.

Mafarin abin

Ba haka abin yake ba tun asali. A da, yaron da ke son shiga jami'a Latinanci da Girkanci da lissafi yake duƙufa ma. Ana ganin Ingilishi ai na gida ne, ba ya bukatar malami.

A 1874 jami'ar Harvard ta fara sa masu neman shiga su rubuta ɗan bayani da Ingilishi bisa littafin da aka ce su karanta. Abin da ya fito ya ba malamai mamaki. A 1879 kusan rabin yaran suka faɗi, alhali yawancinsu daga manyan makarantu suka fito. Bakinsu yana zuba, hannunsu ya kasa. A 1885 sai jami'ar ta wajabta ma ƴan shekarar farko darasin rubutu.

A 1892 ƙungiyar malaman ƙasar ta naɗa kwamitin mutum goma, a ƙarƙashin Charles Eliot, shugaban Harvard, don ya duba abin da ya kamata a koyar a manyan lakwal. Rahoton ya fito a 1893. Malaman da aka ɗora ma sashen Ingilishi suka ba da shawara a yi darasin sau biyar a mako, shekara huɗu. Suka sa mashi manufa biyu. Ta farko, yaro ya gane abin da wani ya faɗa ko ya rubuta, kuma ya iya bayyana nasa tunani. Ta biyu, ya so karatu, ya san inda zai samo littafi mai kyau bayan ya bar lakwal. A 1911 malaman Ingilishi suka kafa ƙungiyarsu a birnin Shikago, don sun gaji jami'o'i suna yanka masu littattafan da za su koyar. Suka ce ba kowane yaro ne zai je jami'a ba, amma kowane yaro zai yi karatu da rubutu a rayuwarsa.

Abin da ake yi cikin aji

Sunan da suke kiran darasin da shi, ma'anarsa gwanintar harshe. A 2010 aka fito da wani tsari wanda jihohi fiye da 40 suka karɓa, ko da yake wasu sun janye daga baya, kamar Indiyana a 2014. Tsarin ya kasa aikin huɗu: karatu, rubutu, magana da saurare, sai ƙa'idojin harshe. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Karatu. Yaro mai shekara 14 ya daɗe da sanin baƙaƙe. Abin da ake nema gare shi yanzu ya wuce nan. In ya gama shafi, malami yakan yi mashi tambaya uku. Mi marubucin ya ce? Mi yake nufi? Ina shaidarka cikin takardar? Tambaya ta uku ita ce mai wuya. In yaro ya ce mutumin cikin labarin maƙaryaci ne, sai ya sa yatsa bisa layin da ya nuna hakanan. Kuma ba labaru da waƙoƙi kaɗai ake karantawa ba. Ana karanta jawabin shugabanni, da labarin jarida, da tsofaffin takardun ƙasa.

Rubutu. Iri uku ake koya. Akwai na ba da labari, akwai na yin bayani, akwai na kafa hujja. Ƴan aji na 9 sukan fara da wani tsari mai kashi biyar: kashin farko ka faɗi ra'ayinka, uku na tsakiya kowane ya kawo dalili guda da shaidarsa, na ƙarshe ka ɗaure magana. Ba a rubutu sau ɗaya a ce an gama. Yaro ya rubuta, abokinsa ya karanta ya nuna mashi inda bai gane ba, malami ya yi gyara, yaro ya sake rubutawa. In ya ɗauko maganar wani, tilas ya faɗi mai ita da inda ya same ta. Wanda ya ɗauki rubutun wani ya ce nasa ne, sata ya yi, kuma ana hukunta shi.

Magana da saurare. Akan jera kujeru zagaye, malami ya koma gefe, yara su tattauna littafin da suka karanta. Wanda zai amsa ma abokinsa, sai ya nuna ya ji abin da abokin ya ce. Kowa kuma yana da ranar da zai tsaya gaban aji ya yi jawabi.

Ƙa'idojin harshe. Nan ne ake koyon nahawu, da sababbin kalmomi, da inda ake sa aya da waƙafi. Nan ne kuma yaro yake gane cewa yadda ake hira da aboki daban, yadda ake rubuta ma hukuma daban.

Littattafan da suke karantawa

Kowace hukumar lakwal da zaɓinta, amma akwai hanyar da yawancinsu suke bi. A aji na 9 akan gabatar da ire-iren rubutu: gajeren labari, waƙa, wasan kwaikwayo. Nan ne yara da yawa suke fara gamuwa da Shakespeare, marubucin Ingila, cikin wasansa Romeo and Juliet. A aji na 10 akan leƙa rubutun sauran duniya. Cikin littattafan da aka fi sa masu akwai Things Fall Apart na Chinua Achebe, ɗan Najeriya, wanda ya fito a 1958. Aji na 11 na marubutan Amurka ne, na 12 kuwa galibi na marubutan Ingila. Ɗalibi mai ƙwazo yana iya ɗaukar darasi mai zurfi, irin na shekarar farko ta jami'a. Ana ba da sakamakon jarrabawarsa daga 1 zuwa 5, kuma jami'o'i da yawa suna lissafa ma wanda ya ci da kyau.

Cikin littattafan aji na 11 akwai guda da ya cancanci mu tsaya kansa. Frederick Douglass ne ya rubuta shi a 1845, tarihin rayuwarsa. Baƙar fata ne, bawa aka haife shi a jahar Meriland. Yana yaro aka kai shi birnin Baltimo, uwargidan da yake ma aiki ta fara koya mashi baƙaƙe. Da mijinta ya ji, ya hana, don ya san bawan da ya iya karatu ba ya zama bawa. Yaron ya riƙe wannan a zuci. Ya riƙa ba ƴaƴan talakawan farar fata burodi a titi, su kuma su biya mashi karatu. Ya koyi rubutu ta kallon haruffan da masu sassaƙa jirgin ruwa suke sa ma katako. A 1838 ya gudu, a 1847 ya kafa jaridarsa. Ku lura, Douglass yana jin Ingilishi tun yana goye. Ba wanda ya hana shi magana. Karatu da rubutu aka hana shi, don nan ƙarfin yake.

Waɗanda ba su tashi da Ingilishi ba

Ba kowane yaro ne a Amurka yake jin Ingilishi a gida ba. Wajen ɗalibi ɗaya cikin goma na makarantun gwamnati, yara miliyan 5 ke nan, suna cikin koyonsa ne, kuma mafi yawansu Sifaniyanci suke yi a gida. A 1974 babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci bisa ƙarar wasu yara ƴan asalin Sin a birnin San Faransisko. Wajen su 1,800 ne ke zaune a aji ba su jin abin da ake faɗi. Kotu ta ce ba yaro benci da littafi da malami bai isa ba in ba ya jin harshen. Tun daga nan doka ta tilasta ma makarantu su taimaki irin waɗannan yara.

Aikin bai ƙare ba

Kada ku ɗauka komi ya yi daidai. A 2024 an auna karatun ƴan aji na 12 a ƙasar. Kashi 35 cikin 100 ne suka kai matakin ƙwarewa, kashi 32 kuwa ba su kai ko matakin farko ba. Tun da aka fara awon a 1992 ba a samu sakamako ƙasa da wannan ba. Ga shi kuma a ƙarshen 2022 ChatGPT ya fito, wanda ke rubuta ma mutum bayani cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa malamai da yawa suka koma sa yara rubutu da hannu, cikin aji, a gabansu. Ƙasa mai arziki ke nan, da ɗakunan karatu ko'ina, amma har yau tana fama.

Mi ya shafe mu?

Yaranmu na kolej, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, suna fara Ingilishi tun ajin farko. Amma nasu baƙon harshe ne, daga gaisuwa da ƙidaya suke farawa. Abin da ya yi daidai da darasin ɗan Amurka a wajenmu, shi ne mai jin Hausa ya zauna ya koyi karatu da rubutu da Hausa. A watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Doka ta ba harshe matsayi, amma ba ta sa alƙalami a hannun kowa.

Sau nawa kuka ji mutum ya ce: "Ni da aka haifa da Hausa, wa zai koya mani ita?" Ku ba shi alli ya rubuta ƙafa da kafa, ko ɗaka da daka. Ku ba shi takardar bashin taki ya nuna layin da ya faɗi ranar biya. Nan zai gane abin da malaman Harvard suka gane tun 1879.

Ga abu uku da kowane gida zai iya yi, ba da ko dala ba. Na farko, da dare ku sa yaro ya karanta maku shafi guda da ƙarfi, sa'an nan ku yi mashi tambayoyin nan uku: mi aka ce, mi ake nufi, ina shaida? Ko ba ku iya karatu ba, kuna iya tambaya. Na biyu, in kun rubuta wasiƙa, ku bar ta ta kwana, da safe ku sake karantawa ku gyara kafin ku aika. Na uku, in ana shawara a taron ƙauye ko na ƙungiya, kafin ka amsa ma ɗan'uwanka, maimaita abin da ya ce har ya yarda ka ji shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne. Amma babba ma bai makara ba, ƙofar ajin yaƙi da jahilci a buɗe take. Mu kwana nan.