Tsami da Maiƙo: Yadda Ake Haɗa Ci da Sha a Malanville

A Jamus, manoman inabin Riesling na bakin kogunan Rhine da Mosel suna da tsohuwar ƙa'ida: farar giyarsu marar zaƙi, mai ɗan tsami, ita ake ajiyewa kusa da kifi ko abinci mai maiƙo, domin tsamin yana wanke baki. An yi rubuce-rubuce a kan haka har wasu suka ɗauka sanin abin shan da ya dace da kowane abinci na Turawa ne kaɗai. Mutanen Malanville, garin da ke arewacin Jamhuriyar Benin a bakin kogin Neja, daura da Gaya, sun san wannan ba tare da giya ba. Galibinsu Musulmi ne, Dandawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawa, kuma a ganina ƙa'idarsu ba ta gaza ta Jamusawa ba.

Kasuwar garin, wadda ke cikin manyan kasuwannin ƙasar, ita ce shaida. Masunta na fito da giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa daga kogi, mata su soya su a mai har fatar ta yi ƙamas, su barbaɗa yaji da yankakkiyar albasa. Wanda ya ci wannan, zoɓo yake nema, mai sanyi, wanda ya ji citta da kanumfari, don tsaminsa ke karya nauyin man a harshe. Haka abin yake a watan azumi, inda ƙosai mai zafi ke tafiya da kunun tsamiya a lokacin buɗa-baki. Wagashi ma yana shiga wannan layi. Matan Fulani ne ke yin sa, su ɗora madara a wuta, su zuba ruwan tumfafiya har ta tsinke, su tace a ɗan kwando, sannan a rina bayansa ja da karan dafi. Idan aka soya shi maiƙonsa yakan fito sosai, sai da yaji da abu mai tsami yake sauka lafiya. Nama kuwa nasa daban ne: bayan tsire ko balangu sai a ɗora butar shayi a garwashi, kuma zubin farko, mai ɗaci, shi ne na masu neman kitsen ya kwanta.

Wani zai ce ƙishirwa ce kawai da zafin rana, kowa yana shan abin da hannunsa ya kai. Da haka ne, da an riƙa kora soyayyen kifi da fura da nono, tunda ga ta ko'ina kuma ba tsada. Amma fura abinci ce mai zaman kanta, ana shan ta da rana a ƙoshi, ba a cika ɗora ta a kan maiƙo ba. Ashe akwai zaɓi, kuma zaɓin yana da dalili. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa lemon kwalba ya riga ya ci kasuwa, musamman wajen matasa. Akwai gaskiya a ciki, sai dai abin da ya fi damuna yana cikin robar zoɓon kanta: masu sayarwa da yawa suna cika masa sukari da ƙamshin kanti har tsamin ya ɓace, ya koma ba ya iya aikin da aka san shi da shi a kan kifi.