Tuƙin Babur a Hunturun Ƙasashen Sanyi

'Yan uwana ɗalibai, a wannan ɗan rubutu zan yi bayani ne kan yadda mai babur ke tsira da ransa a hunturun ƙasashe irin su Ingila da Kanada. Hunturunmu ƙura ce da hazo, nasu kuwa ƙanƙara ce. Da zarar sanyi ya kai digiri 0, ruwan da ke kan kwalta sai ya daskare, ya zama santsin da ido ba ya gani. Gada ce ke fara daskarewa, domin iska na bugun ta sama da ƙasa.

Dokokin hanya na Birtaniya sun nuna cewa nisan da abin hawa ke ci kafin ya tsaya yakan ninka sau 2 a jiƙaƙƙiyar hanya, a kan ƙanƙara kuwa har sau 10. Saboda haka shawarata ita ce a rage gudu tun kafin kwana, a bar tazara mai yawa, kada a damƙe birkin gaba da ƙarfi. Idan taya ta fara zamewa, a sassauta totur a hankali. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Allah ya tsare mu.