Tallar Umra a waya: fitowa a sama ba shaidar gaskiya ba ce

Wani saƙon murya yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na Likoro, ya kai Hunƙuyi, ya kai Maƙarfi. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma ya faɗi abu uku. Ya ce wayarka tana sauraron hirarka, shi ya sa tallar Umra ke biyo ka. Ya ce idan ka yawaita duba kuɗin jirgi, kamfani zai gane ka matsu ya ƙara maka farashi. Sannan ya ce kamfanin da ya fara fitowa a sama idan ka bincika a Google, shi ne wanda Google da gwamnatin Saudiyya suka tantance, don haka a yi maza a tura kafin alƙalami kada kujeru su ƙare.

Na farko da na biyu ba su da nauyi. Google ba ya buƙatar sauraronka, domin abin da ka rubuta da yatsanka ya ishe shi. Kuɗin jirgi kuwa yana hawa ne saboda kujeru masu araha sun ƙare, ko azumi ya matso, ko dala ta tashi. Babu hujja tabbatacciya da ta nuna cewa yawan dubawarka ne ke ɗaga shi.

Na ukun shi ne mai cin dukiyar mutane, kuma an gina shi ne a kan wata gaskiya. E, abin da ka bincika jiya yana da hannu a tallar da za ka gani yau. Yawancin wayoyinmu Android ne, a haɗe da asusun Gmail, kuma asusun yana ajiye tarihin bincikenka in dai ba ka kashe ba. Idan ka rubuta "kuɗin Umra daga Kano" ko ka leƙa shafin wani mai sayar da tikiti, an sa ka cikin masu niyyar tafiya. Daga nan sai gwanjo: masu talla suna zuba kuɗi a kan kalmomin da kake nema, kuma galibi suna biya ne duk lokacin da aka taɓa tallar. Kuɗin da mutum ya zuba da yadda tallarsa ta dace da abin da ka nema, su ke ɗora shi a sama. Kalmar Sponsored da ke rubuce a kanta tana gaya maka cewa an biya kuɗi ne aka samu wurin.

Mai tallar kamar ɗan kamasho ne a tashar Kwangila. Ya hango ka da jaka, ya riga kowa tarar ka yana kiran sunan garin da za ka. Ya gane kai matafiyi ne, amma wannan bai nuna motarsa na da lafiya ba.

Gaskiya ne tun 2020 Google ya fara neman masu talla su gabatar da shaidar ko su wane ne. Sai dai sanin sunan mutum daban, ba shi lasisin kai alhazai daban. Wannan lasisin a Najeriya hukumar NAHCON ce ke bayarwa, wadda doka ta kafa a 2006, kuma tana fitar da sunayen kamfanonin jirgin yawo da ta amince da su. Ko a Amurka, hukumar FBI ta yi gargaɗi a watan Disambar 2022 cewa 'yan damfara na sayen gurbin talla a shafin bincike suna kwaikwayon sanannun kamfanoni.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. A aikin Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu cikin tsananin zafi, hukumomin Saudiyya kuma suka ce kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu ba su da izinin aikin Hajji. Bayan haka Masar ta soke lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16. Bizar ziyara ba ta Hajji ba ce, duk wanda ya ce maka ɗaya suke yaudararka yake yi.

Ba na ganin laifin dattijon da ya sayar da rakensa da masararsa, ɗansa ya duba masa a waya, ya ga hoton Ka'aba da farashi mai sauƙi, ransa ya kwanta. Mai kwaɗayin ziyarar Manzo (SAW) yana da saurin kyautata zato. Amma wanda ya naɗi saƙon nan, da mai ilimin da ya tura shi gaba bai bincika ba, su ji tsoron Allah. Ka ce "haka aka turo min" ba zai dawo wa kowa da guminsa ba.

Ga abin yi. Kafin ka tura ko sisi, nemi sunan kamfanin a jerin NAHCON. Je ofishin kamfanin da ƙafarka, a Zariya ne ko Kaduna ko Kano, ka ga lasisi da idonka, ka karɓi rasit. Kada ka zuba kuɗi a asusun da ke ɗauke da sunan mutum ɗaya. Idan kujerar Hajji kake nema ta hannun gwamnati, jami'in alhazai na ƙaramar hukumar Kudan da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kaduna suna nan. Wanda tallar ta dame shi kuma, ya shiga saitin asusunsa na Google ya goge tarihin bincike, ya kashe tallar da ake daidaita masa.

'Yan uwa, idan saƙon ya iso wayarku, kada ku tura shi gaba. Ku faɗa wa iyayenmu a masallaci da majalisa cewa gurbin sama a Google na wanda ya biya ne, a tambayi lasisi kafin a biya kuɗi.