Na'urar Hannu Mai Ɗaukar Siffar Kayan Inji

Kwanan baya wani ƙanena ya bugo mini waya nan Summerfield daga Kano, wai injinsu a Sharaɗa ya tsaya saboda ƙarfe ɗaya ya karye, kuma an daina ƙera irinsa. Na ce masa da sauran dabara.

Akwai sikana ta hannu mai aiki da hasken laser. Tana haska layuka a jikin ƙarfen, kyamarorinta na duban yadda layukan ke lanƙwashewa, sai kwamfuta ta fitar da cikakkiyar siffarsa. Kamfanin Creaform na Kanada ya fito da HandySCAN a 2005. Masu inganci a yau kuskurensu bai wuce milimita 0.025 ba, wato bai kai kaurin silin gashi ba.

Sai dai a kula, na'urar tana kwafe har inda ƙarfen ya cinye. Dole injiniya ya gyara zanen kafin a ƙera sabo. Don haka iyaye, mu ƙarfafa wa yaranmu koyon zanen inji a kwamfuta, ga jami'ar A&T nan kusa a Greensboro. Allah ya taimaka.