Kogin Iku a Hasken Safe da na Yamma

Tun kafin Dutsen Zuma ya hau takardar naira 100, tun kafin birnin tarayya ya karɓe sunan Abuja a shekarun 1970 garin ya koma Suleja, Kogin Iku na nan yana gudu a ƙasar da Abu Ja ya kafa garinsa a 1828. Duk da haka, mai neman hoto daga unguwar Kurmin Sarki ta Suleja ya fi son ya nufi Zuma ko magangarar ruwan Gurara, kogin garinsu kuwa sai ya yi ambaliya ake tunawa da shi. A ganina wannan asara ce, domin hoton kogi a fitowar rana da faɗuwarta sanin lokaci yake bukata fiye da kyamara mai tsada, kuma Bahaushe ya daɗe da wannan sani. Wanda ya bambanta alfijir da hantsi, ya san la'asar sakaliya da almuru da jan shafaƙi, ya riga ya yi rabin karatun.

Idan rana ta yi ƙasa, haskenta kan keta iska mai kauri ninki da yawa fiye da na tsakar rana, shuɗin ya warwatse a hanya, ja da ruwan ɗorawa su iso ido. Shi kuma ruwa, in haske ya sauko masa daga bisa, kaɗan ƙwarai yake mayarwa, amma in ya zo a karkace sai ya zama madubi. Shi ya sa kogin da ke jawur da laka da azahar yake ɗaukar launin sama da yamma. Sai dai Suleja na wajen digiri 9 ne arewa da tsakiyar duniya, inda rana ke sauka kusan a miƙe, digiri guda cikin minti 4. Hasken da ke saura bayan ta faɗi bai cika wuce minti 25 ba. Don haka a riga rana isa bakin ruwa, a durƙusa ƙasa-ƙasa, a taɓa sararin sama a fuskar waya a rage haske, bishiyoyi da duwatsu su fito baƙi, sama ta riƙe launinta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba, ga ruwa a kogi, ga ragowar gajimare. Da hunturu kuwa ƙurar Sahara kan shanye rana tun ba ta kai ƙasa ba.

Wani zai ce magariba lokacin salla ne, kuma iyaye ba sa son yaro a bakin rafi da almuru. Gaskiya ne. Amma hasken da ya fi kyau a kan ruwa yana zuwa ne kafin rana ta faɗi, na safe kuma bayan an idar da asuba. Haka nan wajibi ne a nemi izinin mata masu wanki, a kauda waya daga yara masu wanka.

Sukar da ta fi nauyi ita ce irin wannan hoto yaudara ne: jan haske yana lulluɓe leda da bola da ginin da ya ci gaɓar kogi. Wannan ya danganta da inda aka auna kyamara. Hasken da ya zo a karkace yana fito da kowane tudu da rami, har zaizayar gaɓa da rana tsaka ke ɓoyewa. In ɗalibi ɗaya ya zaɓi dutse guda a kusa da magangarar ruwan Mayanka, yana tsayawa a kai sau ɗaya kowane wata a lokaci guda, cikin shekara 5 zai tara hotuna 60 da ke nuna inda ruwa ya kai kowace damina, da bishiyar da aka sare, da katangar da ta matso bakin ruwa.